Rafi Yana Zuwa

Ku yi mini haƙuri da wannan karambani. Ban taɓa rubuta labari ba, karatun na wasu kawai na iya. In kun ga kuskure, ku rufa mini asiri.

Zakiya tana jera bokitai inda rufi ke yoyo wayar gidan ta yi ƙara. Ustaza Sharifa ce, malamar cibiyar nan da ke bakin fadama a kudancin Jidda, inda ake kai 'yan makaranta su ga kaguwa da tsuntsayen ruwa, a koya musu yadda ruwa ke tafiya a ƙasa. Can ne Ustaza ta taɓa tara yashi a faranti, ta tona kwari da yatsa, ta jera kwalayen ashana a ciki, sannan ta tuttula buta daga sama. Kwalayen suka tafi gaba ɗaya. Ta ce kwari ko ya shekara nawa a bushe hanyar ruwa ne, kuma rabin Guwaiza, unguwar su Zakiya, a cikinsa aka gina ta.

Yau muryarta ba irin ta aji ba ce. Ta ce ruwan duwatsun gabas ya haɗu ya taho, su bar komai su hau saman soro. Tana da sauran yara da za ta kira, ta kashe.

Ranar alhazai ke fita Mina. Uwar Zakiya tana Makka tana sayar da abinci, mazan layin ma yawancinsu suna can aikin Hajji. A gidan daga Zakiya sai kakarta Iya Turai, wadda ta zo umra ta zauna, ba ta jin Larabci, kunnenta ya yi nauyi, gwiwoyinta kuma sun daɗe da sallama da matakala. Zakiya kuwa haihuwar Jidda ce. Tana jin Hausa sarai, amma in ta zo magana kalmomin guduwa suke yi.

Ta durƙusa gaban tsohuwar ta ce sail, sail, wato ambaliya da Larabci, tana nuna gabas. Iya ta ce ta daina yi mata yaren mutane. Zakiya ta sake da Hausa, ta ce ruwa yana zuwa.

"Ai ya zo, Balarabiya. Ga shi yana zuba a bokitinki."

Zakiya ta kama hannunta ta ja. Iya ta fizge, ta ce ruwa rahama ne, a garinsu yara tsirara suke fita su yi rawa a cikinsa, sai a nan ne ake gudunsa kamar 'yan sanda. Ba inda za ta da waɗannan ƙafafu.

Zakiya ta leƙa waje. Ruwan layin ya koma ja, yana ɗauke da takalma da ledoji, ya fara lasar dokin ƙofa. Daga nesa akwai wani ruri da ba na tsawa ba. Ta koma ciki tana laluben kalmar da za ta ce ruwa mai gudu, mai cin gida. Sai ta tuna ranar da Ustaza ta sa kowace yarinya ta kawo sunan ƙorama da harshen iyayenta, ita kuma Iya ce ta ba ta nata. Ta kai baki kunnen tsohuwar.

"Iya, rafi! Rafi yana zuwa!"

Carbin ya tsaya a hannun Iya. Rafi'u autanta ne, ƙanin uwar Zakiya, kowa Rafi yake ce masa. An kama shi a unguwar Khumra ba iƙama, wato takardar zama, aka mayar da shi gida, daga baya aka ji ya kama hanyar Sudan zai dawo, daga nan shiru.

"Rafi dai? Kawun naki? Mara kunya." Ta riƙo hannun Zakiya. "Yana ina?"

Zakiya ta buɗe baki za ta gyara. Ruwa ya shigo ya ɗaga tabarma.

"Daga sama ake gani," ta ce. "Yalla, mu hau, Iya."

Tsohuwar ta miƙe da kanta. Matakalar suka hau da rarrafe, Zakiya na tura ta ta baya, ita kuma tana faɗan an bar ta da tsohon zane, ba a ko ɗora tukunya ba. Suna tsakiya ƙofar gida ta ɓalle. Zakiya ba ta waiwaya ba, ta dai ji bokitan suna karo da bango.

A sama suka tarar da Malam Na'ibi maƙwabcinsu da matarsa Fatu, sun tsallako daga nasu soron da ya fi gajarta. Layin ya zama kogi. Motoci na wucewa a kife, wata da fitilunta a kunne. Fatu tana salati tana kuka. Iya ta dafa katanga, ruwan sama na dukanta, tana duban bakin titi.

Zakiya ta raɗa wa Fatu abin da ya faru da Larabci. Fatu ta dube ta, ta dubi tsohuwar, ta gaya wa mijinta. Malam Na'ibi ya kau da kai.

Wajen la'asar ruwan ya fara ja. Malam Na'ibi ya ce da sun ƙara jinkiri a ƙasa da yanzu wani zancen ake yi, ya sa wa Zakiya albarka. Ita ta kasa ɗaga kai. Iya ba ta zauna ba tun hawowarsu. Ta ce yaron yana da wayo, ba zai shiga wannan ruwa ba, yana wani wuri ya fake. Ta roƙi Fatu in an sami wuta a dafa da shi, yana son shinkafa da ɗan yaji.

"To, Iya," in ji Fatu.

"Ke ma kin gan shi, ko? Ya rame?"

Fatu ta shiga gyara mata mayafi, tana ta gyarawa. Kafin Iya ta juyo neman wadda ta kawo labarin, Zakiya ta zame ta bayan tankin ruwa, ta sauka matakala a hankali, ta zauna a ta ƙarshen da ruwa bai rufe ba.