Shuka a Kan Auduga

"Hatsi nike so ki kawo mani, Maman Rachel," in ji Baba Nouhou a cikin waya, muryarsa na zuwa tana yankewa saboda tari.

Martha ta maƙale kan wayar a kafaɗa tana goge hannu da zani. "Wane irin hatsi, Baba? Dawa ko masara?"

"Hatsi dai. Wanda ku mutanen Najeriya kuke ce ma gero. Cikin tafin hannu ya isa."

"Kunu kake marmari? Ai sai in taho maka da garinsa."

"Ba sha za ni yi ba, ɗiyata. Shuka za ni yi."

Martha ta leƙa taga. Sararin Sevran, garinsu na gefen Paris, ya yi toka-toka, yara na gudu da hulunan sanyi a ƙasan benayen unguwar Beaudottes, ga tsoho mai ciwon huhu yana zancen shuka a watan Disamba. Ta ce a ranta ko dai maganin da suke ba shi ne ya fara taɓa masa kai.

Tun da ita da mijinta suka taso daga Wusasa ta kama aikin jinya a Paris, ƙofarsu ke kallon ƙofar Baba Nouhou. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Tessaoua ta Nijar, ya zo Faransa da ƙuruciya, ya ƙare ƙarfinsa yana fesa wa motoci fenti a masana'anta. Matarsa ta rasu, ɗiyarsa tilo Ruwaida tana aure a Lyon. Shi ya nuna wa Martha inda ake samun daddawa a kasuwar Barbès, shi ya riƙa jiran ɗiyarta Rachel a ƙofar makaranta in aiki ya riƙe ta. Da sanyin bana ya kama, likita ya ce ƙirjinsa ba zai ɗauki Paris ba, aka tura shi wani gidan jinya a Hyères, can kudu a bakin teku, ya yi hunturu a can.

Ran Asabar ta biya Barbès, ta sayi gero mai kyau, fari tas, a shagon wani Basenegale, ta kama jirgin ƙasa.

Abin da ta tarar ya ba ta mamaki. Ta baro mutum a kwance, sai ga shi tsaye a ƙofar gidan da sanda da hula zanna, ya rame ƙwarai amma idonsa tar. Rana kuwa ta fito sosai, har sai da ta tuɓe kwat ta rataya a hannu.

"Kin gani ko?" ya ce bayan sun gaisa sun tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya. "Ashe akwai rana a ƙasar nan, ɓoye mana ita suka yi. Zo in kai ki yawo."

"Baba, likita ya ce ka yi ta yawo?"

"Lokotoro ya ce in sha iska. Bai ce a ina ba."

Haka ya ja ta, shi da bai fi mako biyu a garin ba, sai ka ce a nan aka yanke masa cibiya. Suna tafiya yana tsayawa ya huta, yana mai da hutun kamar wani abu yake son nuna mata. Ya nuna mata itatuwan dabino jere a bakin titi, ya ce tsayi dai ga shi nan, amma 'ya'yan ko akuya sai ta yi shawara. Ya nuna mata lemu jajur a kan bishiya a gidan mutane, babu mai tsinka. Suka hau bas zuwa inda ake shanya ruwan teku a yi gishiri, ya tsaya gaban wani tsibi fari mai tsayin ɗaki yana girgiza kai.

"Da mutanen Bilma masu haƙar gishiri za su ga wannan, sai sun zauna ƙasa."

Can cikin ruwan wasu tsuntsaye masu dogayen wuya, launinsu ja-ja, sun tsaya da ƙafa ɗaya. Baba Nouhou ya daɗe yana kallonsu, ya ce Allah mai iko, ya ce tsawon zamansa a ƙasar nan ban da tattabarun tasha bai san akwai wani tsuntsu ba.

A dandalin tsohon gari suka sami tsofaffi suna jefa ƙwallayen ƙarfe a ƙasa suna musu kamar za su daku. Suna ganinsa suka ɗaga hannu, "Monsieur Nouhou!" Har ya yi abokai. Gefe kuma rumfuna ne na masu sayar da 'yan mutum-mutumin yumɓu da ake jerawa lokacin Kirsimeti. Martha ta san komin dabbobi da jariri da makiyaya tun tana yarinya a coci, amma ba ta taɓa ganin an tara gari guda a wurin ba. Ga mai kifi da kwandonta, ga mai niƙa da buhun gari, ga mai wasa wuƙa, ga wata tsohuwa da ƙunshin itace a ka.

"Ni ba na saye, kin san addinina," ya ce. "Amma dubi. Ba su manta da kowa ba. Har mai ɗaukar itace sun ce ta zo." Ya sunkuya yana duba wani ɗan manomi da fartanya a kafaɗa. "Wanga kam ɗan garinmu ne."

Sai da suka koma gidan jinyar ta ga abin da ya sa aka taso ta daga Paris. A kan kowace taga ta ɗakin cin abinci akwai 'yan farantan shayi, an shimfiɗa auduga mai laima, alkama ta tsiro a kai kore shar, tsayin ɗan yatsa.

"Alkamar Barbès suke ce mata," in ji Baba Nouhou.

Wata dattijuwa mai dafa musu abinci, Madam Mireille, ta ji, ta tuntsire da dariya. Ta yi wa Martha bayani da Faransanci cewa Sainte-Barbe ce, wata waliyyiya, ba kasuwar Barbès ba. A ranarta, farkon Disamba, kowane gida a yankin nan yana shuka alkama a faranti. In ta tsiro ta miƙe, sai su ce shekara za ta yi albarka, su ɗora ta a teburin Kirsimeti.

"To, ni dai Barbès na sani," ya ce, ko a jikinsa. Da Madam Mireille ta koma kicin sai ya rage murya. "Ba don waliyyiyarsu ba, Maman Rachel. Mutanen da suka san darajar iri har su ɗora shi inda suke cin abincin salla, ai mutanen kirki ne. Ranar da suka yi shukar nan ina zaune ina kallo, sai na ji hawaye. Ubana yana gaba da sungumi yana sara, ni ina biye ina zuba iri ina rufewa da diddige. Tun da na baro gida, hannun nan bai sa ƙwaya ɗaya ta tsiro ba. Ina so in ga tsiron hatsi ko sau ɗaya kafin in tafi."

"Tafi ina, Baba? Bar wannan magana."

"Ke ma'aikaciyar likita ce. Kin fi ni sani."

Ta ciro ƙullin geron daga jaka. Ya zuba a tafinsa, ya mutsa da yatsa, ya kai hanci. Sannan ya ce, "Allah shi yi maki albarka. Kin sha hanya." Madam Mireille ta kawo faranti da auduga, ya barbaɗa geron da kansa, ya yayyafa ruwa, ya ajiye a tagar ɗakinsa mai kallon teku.

Bayan ta koma Sevran, duk ranar da ta buga waya sai ta tambaya.

"Ya tsiro, Baba?"

"Shina nan, shina tunani."

"Har yanzu?"

"Baƙo ne a ƙasar. Sai a hankali."

Daga nan sai ya kauce da labarin wasu furanni rawaya da suka fara buɗewa a kan duwatsu, ko yadda masunta suka ba shi miyar kifi. Muryar kuwa kullum ƙara siririya take.

Ƙarshen Janairu Ruwaida ta kira. Jiki ya rikice, ta je ta ɗauko shi ta kawo shi gidanta a Lyon, likitoci sun ce a bar shi a gida kawai.

"Anti, akwai wani faranti da ya hana a zubar," ta ce. "Duk ya yi tsami ya yi funfuna, sai da na yi masa wayo. Wai surfaffen hatsi ne, ba ya tsira. Ya ce tun da ya taɓa ya sani, amma kar in gaya miki, kin sha hanya."

Kunya ta kama Martha, haushin kanta ya biyo baya. Ita da ta girma tana jin ana surfe a turmi kowace safiya, a ce ba ta san geron da aka cire wa dusa ya mutu ba. Ga tsoho ya yi makonni yana zuba wa gawar iri ruwa don kar ranta ya ɓaci.

Ba ta yi wata-wata ba ta koma Barbès. Shago bayan shago, duk surfaffe ne. Wani ya ce mata, "Madam, wa zai ɗauko dusa a jirgin sama?" Sai wata mata 'yar Mali da ke jiran canji ta ce ta gwada kasuwar tsuntsaye ta ran Lahadi, can tsakiyar gari kusa da kogi. A nan kuwa, tsakanin kejin kanari da na aku, Martha ta gan su rataye, 'yan zangarniyoyi sirara, ɗaure da zare. Mai sayarwa ya tambaye ta wane irin tsuntsu gare ta. Ta ce tsoho ne, kuma ba ya cin abinci sosai.

Ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta bar Rachel wurin babanta, ta sauka Lyon cikin hazo da sanyi mai ratsa ƙashi. Baba Nouhou na kwance a ɗakin jikokinsa, an jingina shi da matasai, ga tukunyar iska a gefe. Idonsa ya dushe, sai da ta yi magana ya gane ta. Ta sa masa zangarniya a hannu.

Ya shafa ta daga sama har ƙasa. "Ina kika samo?"

"Wurin masu tsuntsaye, Baba."

Dariya ta taso masa ta zama tari, Ruwaida ta riƙe shi har ya lafa. "Abin da ya raine mu, nan abincin kanari ne," ya ce. "Ba hatsinmu ba ne sosai, ƙanensa ne. Amma da ransa."

"Baba, ka yafe mini wancan."

"Mi kika yi? Kawo faranti."

Shi ya murje zangarniyar da yatsunsa, ƙwayoyin na zuba a kan bargo, Ruwaida na tsincewa. Ya barbaɗa su a kan audugar, sannan ya bi kowane gefe yana dannawa a hankali da babban yatsa. Suka ajiye farantin kusa da hita mai ɗumama ɗaki, don ya ce hatsi ba ya son sanyi, irin mai shi.

Daga nan sai jira. Ya daina cin abinci, sai ruwa a cokali. Ruwaida na karanta masa Ƙur'ani, Martha na juya shi tana shafa masa mai a baya, tana addu'arta a zuci. Duk shigar da za ta yi sai ta saci kallon farantin. Tsoro take ji ƙwarai kar wannan ma ya ƙi, kar kuma ya tsiro a makare. In ya farka ba ya tambaya, kai kawai yake juyawa wajen hita.

Ran Juma'a da safe ta ɗaga labule, sai ta ga audugar ta yi wasu 'yan tsinake, farare daga ƙasa, kore-kore a baki. Ta ɗauko farantin da hannu biyu ta kawo gaban fuskarsa.

"Baba, ya tsiro."

Ya buɗe ido, amma ta ga ba ya ganin komai. Ta kama hannunsa ta ɗora yatsansa a kai. Ya bi su a hankali, ɗaya bayan ɗaya, leɓunansa na motsi.

"Alhamdu lillahi," ya ce. Can kuma, "Ya yi yawa wuri guda. In ya ƙara tsawo, a rage."

"Za a rage, Baba."

"Kar ku cika mashi ruwa."

Bai sake wata magana ba sai kalmar shahada da Ruwaida ta riƙa maimaita masa. Kafin a taso daga masallaci ya cika.

Washegari maza suka kai shi makwancinsa, mata suka zauna a falo ana karɓar gaisuwa, 'yan Nijar na Lyon sun cika gidan har bakin ƙofa. Da Martha za ta tafi, Ruwaida ta fito da farantin ta miƙa mata.

"Ki tafi da shi, Anti. Ni in na gan shi kuka nake."

A cikin jirgin Paris ta ɗora shi a kan ɗan teburin gabanta, ta kare shi da tafi saboda girgiza. Gonaki na wucewa a waje, duk sanyi ya ƙone su. Da suka fita daga hazon Lyon rana ta ɗan leƙo, sai ta juya farantin ta matsar da shi jikin gilashi. A gefen audugar har yanzu akwai ɗan lotsawa inda babban yatsansa ya danna.