Lambar da na ajiye da hannuna

Wayata 'yata take karatu da ita. Shekarunta takwas, muna ce mata Aku saboda surutu. Malamarsu ta buɗe zauren hira na iyayen ajin, kowane yaro ya karanta shafi ɗaya a ɗauke shi bidiyo a tura.

Akwai wata lamba da ba ta taɓa fashin yaba mata ba. Daga baya mai lambar ya biyo ni ta gefe, ya ce shi ne malamin lissafi, yarinyar tana da kai. Na ji daɗi har na ajiye lambar da wannan sunan. Da ya tambayi wa ke ɗauko ta, ni da bakina na ce ran Laraba ina shagon ɗinki har la'asar, ita kaɗai take dawowa.

Wata Laraba ina kan keken ɗinki saƙonsa ya shigo: ta ci gasa, jiya ya faɗa mata a waya ta same shi a ƙofar bayan makaranta in an tashi. Na kira malamar in yi godiya.

"Wane malamin lissafin? Ai ni nake koya musu lissafi."

"Wanda ke cikin zauren."

Ta ce, "Na ɗauka mijinki ne."

Saura minti goma a tashi.

"Malama, ki riƙe min hannunta. Ko bayi kada ta je."

Uwar ɗakina mai shagon ta ce, "Ke lafiya? Takalminki fa?" Ban juyo ba. Titin da nake bi kullum ya ƙi ƙarewa. Kowace mota ta wuce sai na leƙa kujerar baya.

Na same ta a aji, jaka a goye, ta cika ta yi fam.

"Umma, kin sa an hana ni kyautata. Ya ce keke ne ja."

Na durƙusa ina shafa kanta. Maigadi ya zagaya baya, ya ce bai ga kowa ba, sai wata mota da ta ja.

Malamar ta buɗe zauren. Lambar ta fita minti biyu da suka wuce. Muka zauna a kan bencin yara muna kiran sauran lambobin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi sunan ɗansa. Hannun Aku yana cikin nawa. Lambobi biyu ba su ɗauka ba.