Gilashin Baba

Bangon ya yi fari tas, sai ƙanshin fenti ke tashi. Auta ta tsaya da jakar tafiya a hannu tana kallonsa, ranta na tafasa.

Shekara da shekaru akwai tsaga a wurin, daga ƙasan tagar ɗakin Mama har gindin bango. Baba, da yake magini ne, bai taɓa yarda a rufe ta ba. Wani siririn gilashi ya manna a gicciye da siminti, ya ce muddin gilashin na lafiya bango bai motsa ba, ranar da gilashin ya karye kuwa a fitar da gadon Mama daga ɗakin. Kullum da safe sai ya duba shi, har Allah Ya karɓi ransa. Yanzu ga Yaya, babban wansu, ya kawo masu filasta sun shafe komai, wai gidan na ba shi kunya gaban abokansa.

"Yaya, ina gilashin Baba?"

"Ke dai ba kya rabo da fitina. Ko sannu da aiki babu? Gida ya koma sabo."

"Sabo? Kan Mama fa a jikin bangon nan yake kwana!"

Ta shiga ta ɗauko gudumar Baba. Ta ƙwanƙwasa nan, ta ƙwanƙwasa can, yadda ta sha ganin yana yi. A ƙasan taga sautin ya sauya, kamar tulun da ba ruwa. Ta ɗaga ta maka.

"Kin haukace ne? Jiya-jiya aka gama!"

Filasta ta zubo. Tsagar na nan, har ta ƙara buɗe baki, an cusa mata takardar buhun siminti. Gilashin ya rabu biyu.

"Ma'aikata ne suka fasa," in ji Yaya. "Bangon nan sai ya ga jikokinki."

"Su suka raba shi har yatsana ke shigewa?"

Mama ta leƙo ta taga. "Don Allah ku bari, maƙwabta na ji. Yayanki ya yi ƙoƙari."

Wannan ya fi komai ƙona wa Auta rai. Ta yar da guduma, ta shige ɗakin, ta kama ƙafar gadon ƙarfen tana ja ita kaɗai, ya ƙi motsi. Ta ɗago za ta kira Yaya, sai ta hango shi ta taga. Ya daɗe yana kallon tsagar. Can ya laluba aljihu, ya ciro makulli, ya janye motarsa daga gindin bangon, ya kai ta tsallaken titi.