Talatin da Biyu a Gurbin Sittin da Huɗu

Alhaji Bukari, dillalin shanu daga Sokodé, ya cika da hantsi a Dapaong, garin da ba shi da kowa. Bayan la'asar za a kai shi. 'Yarsa Khairiya ta san ko wace mota ta hau daga Sokodé, sai dai ta tarar an rufe shi. Tsoronta ɗaya ne, kada a sallaci mahaifinta da mutanen da ba su cika sahu ba.

Abokan cinikinsa suna warwatse a ƙauyuka, rediyon Zongon Dapaong kaɗai ke kai musu labari. Kuma na'urar gidan rediyon, wadda ita Khairiya ta haɗa wa manhaja, yau ta ga damar lalacewa.

"Yaya, murya yana fita kamar ana suya," in ji Inusa, mai kula da na'urar, ta waya.

"Me ka taɓa?"

"Wallahi ban taɓa komi ba. Tsawa ya ƙona allon ciki, na sa wani. Iri ɗaya ne, har fenti."

Har fenti! Ta ji kamar ta miƙa hannu ta cikin wayar ta shaƙe shi. Ta shiga na'urar daga kwamfutarta, ta ga ɓarnar. Firosesan tsohon allon, wato ƙwaƙwalwarsa, yana ɗibar bayanai ƙwaya talatin da biyu a lokaci guda, haka ta saita kanel, wato zuciyar manhajar. Sabon kuwa sittin da huɗu yake ɗiba, yana kwasowa har da bayanan da ke maƙwabtaka da su, yana take sautin.

Ta gyara lambar, ta sake gina kanel ɗin, ta tura. In ta yi kuskure, na'urar ba za ta ƙara tashi ba, kuma babu mai tayar da ita a Dapaong. A tsakar gida mata masu ta'aziyya sun fara sallama.

"Kashe ka kunna," ta ce wa Inusa.

Ta jira. Ta ji ladan yana kiran azahar a can, ta cikin wayar.

"Yaya, gilashin na'urar baƙi ne ƙirin... tsaya. Ya kawo!"

Inusa ya kara wayar a jikin rediyo. Muryar mai sanarwa ta fito tangaram: Allah ya yi wa Alhaji Bukari na Sokodé rasuwa, jana'iza bayan la'asar.

Tun safe ba ta yi kuka ba. Sai da ta ji sunan babanta ya fito tsaf, babu ko ƙaraf, sannan ta kifa kai a kan tebur.