Daga Mangwaro Sai Turi

In ka zo unguwarmu ta 'yan gudun hijira a Kuchigoro a kan mashin, to iyakarka gindin mangwaro. Nan ɗan acaɓa zai kashe injin, in da kaya ya sauka ya tura maka har ƙofar ɗaki. Baƙi kan yi ta mamaki. Ni kuwa da nake suyar ƙosai a gindin bishiyar, a kan idona aka fara abin, kuma na san wadda ta kawo shi.

Maijidda ce. Daga wani ƙauye a gindin duwatsun Gwoza ta zo, kamar yawancinmu. Ranar da aka shiga garinsu tana shanyar dawa a tsakar gida, sai ta ji ƙarar mashina da yawa. Ta ɗauka 'yan biki ne. Mijinta ya fita ya duba, bai dawo ba. Iyakar abin da ta taɓa faɗa mini ke nan, ni ma ban nemi ƙari ba, don kowa a nan yana da nasa.

Farkon zuwanta, mashin na wucewa sai ta ƙame wuri ɗaya, ko da ruwa ne a kanta sai ya zube. Amma Allah ya yi ta mai lura. A rumfar da mata ke ɗinkin hula ta gane ba allurarta kaɗai ke tsayawa ba. Sai ta aika aka kira Badaru, shugaban 'yan acaɓar unguwa.

"Badaru, roƙo nake. Ku riƙa kashe abin nan daga mangwaro, ku turo shi."

"Mu tura? Haba Mama, mashin ne fa, ba baro ba."

"Zo ka zauna nan kusa da ni."

Ta sa abokin aikinsa Michael ya zagaya ya wuce ta gaban rumfar. Ta ce wa Badaru, "Kar ka kalli mashin. Kalli hannuwa."

Ya kalla. Duk rumfar ba allura ɗaya da ke motsi, har da ta mahaifiyarsa, wadda ta soki ɗan yatsanta ba ta ma sani ba. Ya tashi ya je ya faɗa wa 'yan acaɓa. Tun daga ranar, daga mangwaro sai turi. A shekarar ne mata suka ce ba su da shugaba sai Maijidda.

Shugabancinta kuwa da ƙafa ta yi shi. Ko ofishin wata ƙungiya za ta, sai ta taka har bakin titi kafin ta shiga mota, tana kauce wa 'yan acaɓa kamar mai kauce wa karnuka. Yawan takawar nan ya sa ta san ɗakin da ba a ɗora tukunya ba, da matar da ta daina fitowa rumfa. Ba ta tambayar mace me ya same ta. Zama take yi kusa da ita da ɗinkinta, har sai mai ɗaki ta gaji ta yi magana ko ta ɗauki allura.

To, bara da damina sai ga Suwaiba, yarinya ƙarama da cikin fari. 'Yan bindiga a kan mashina sun tare motarsu a hanyar gida, ita da mijinta suka tsira da ƙyar. Shi ya samu aikin leburanci a Karmo, sai ƙarshen mako yake leƙowa. Ita kuwa tun da ta shigo ta wuce mangwaron nan, ba ta sake kusantarsa ba. Ko ƙosaina, sai dai in aika mata.

Da cikin ya tsufa, ƙafafunta suka kumbura, fuska ta tasa, ga ciwon kai. Malama Rukayyat, nas ɗin da ke zagayo mu, ta auna ta, sai na ga ta daina murmushi.

"Mama Maijidda, jininta ya hau sosai. Wannan ba na rumfa ba ne, asibiti za ta. Kar a bar ta ta kwana a nan."

Ga shi ruwa ya cinye hanya, kwazazzabo ya raba mu da titi, ba mota ba keke. Da ƙafafun nan kuwa ba za ta iya takawa ba. Mashin kaɗai ke ratsawa.

Suwaiba ta ja zani ta rufe kai. "Ni a nan zan haihu. In mutuwa ce ma, ta same ni a ɗaki."

Maijidda ta durƙusa gabanta. "'Yata, ba wani abin tsoro. Badaru ne zai kai ki."

Yarinyar ta buɗe fuska ta dube ta. Ba da rashin kunya ba, wallahi, tambaya kawai ta yi.

"To Mama, ke me ya sa ba kya hawa?"

Na sulale na koma wurin suyata. Maijidda ta miƙe ta fito, ta zo ta zauna a bencina. Na miƙa mata ƙosai, ta riƙe shi a hannu har ya huce.

"Iya," in ji ta, "ƙarya na yi wa yarinyar nan."

"Lallashi dai."

"Ƙarya ce. Na ce ba abin tsoro, alhali a kaina ta ga tsoron. Na samar mana wurin da ba ƙara, ban taɓa tunanin yadda za mu fita daga cikinsa ba."

Ta cinye ƙosan, ta goge hannu a gefen zani, ta ce a kira mata Badaru.

Ba ta yi gaggawa ba, ko da yake rana ta fara karkata. Da farko ta bi ɗaki-ɗaki da kanta tana faɗa wa mata, "Yau za a tayar da mashin a gaban rumfa. Namu ne, na Badaru. Ni na sa. Wadda ba ta so ta ji, ta tafi wajen famfo." Kaɗan suka tafi. Saura suka fito suka tsaya nesa-nesa.

Badaru ya turo mashin ɗin a kashe ya kafe shi daidai ƙofar Suwaiba. Kowa ya yi cirko-cirko. Na ga in aka bar abin haka makoki zai zama, sai na ajiye matsamina na tattare zani na haye.

"Kai Badaru, kai ni Maitama, unguwar masu kuɗi, zan je in ga gidan da zan saya."

"Iya, masu gadi za su koro mu tun daga kwana. Warin manja kike."

"Man gyaɗa ne, ɗan banza, da shi aka yi ƙosan da ya raine ka."

Mata suka fashe da dariya. Na waiga, sai na hango Suwaiba ta ɗaga labule.

Na sauka, Maijidda ta matso. Ta ɗora tafin hannu a kan tankin, ta daɗe a haka. "Ashe ɗumi gare shi," ta ce, kamar mai magana da kanta. Sannan ta yi bisimilla ta hau bayan Badaru, ta cafki rigarsa da hannu biyu.

"Tayar."

"Mama, kin tabbata?"

"Ban tabbata ba. Tayar."

Ya tayar. Shekara da shekaru rabon da a ji wannan ƙara a tsakiyar unguwa. Na ga wuyan Maijidda ya sandare, idanunta a rufe gam. Mahaifiyar Badaru ta ɗaga murya daga rumfa, "Buɗe ido, Maijidda! Ƙeyar ɗana ce a gabanki, dubi yadda wanzami ya ɓata ta!"

Ta buɗe. A hankali ya ja, kamar mai ɗauke da ƙwai, har mangwaro, ya juyo ya dawo ya kashe. Da ta sauka ta zauna a ƙasa aka ba ta ruwa. Rigar Badaru kuwa ta yage daga kafaɗa har tsakiyar baya.

"Mama, rigar sallata ce fa!"

"Kawo, ɗinki ne sana'ata."

Da numfashinta ya dawo, ta rarrafa zuwa ƙofar Suwaiba, ta miƙa mata hannu.

"Taɓa ki ji. Kin ji yana rawa? Ɗazu na ce miki ba tsoro. Akwai shi, yana nan, bai je ko'ina ba. Amma na je na dawo da shi. Ke za ki zauna a tsakiya, ni ina bayanki, in riƙe ki. In kin ji ba za ki iya ba, ki matse hannuna, Badaru zai tsaya ya kashe. Ko sau nawa ne."

Suwaiba ta riƙe hannun, ta daɗe ba ta saki ba. Can ta ce, "Mama, ɗauko mini mayafina."

Muka taru muka ɗora ta. Malama Rukayyat ta hau bayan Michael suka yi gaba don su tare musu mota a bakin titi. Daga baya Badaru ya ba ni labari, wai kafin su haye kwazazzabo ya tsaya ya kashe har ya gaji, kuma ba kowane tsayawa ne Suwaiba ta nema ba, wani na mai riƙon ne.

Asibiti suka riƙe ta, suka yi ta fama da jinin har ya sauka, a can ta haifi 'yarta mace. Maijidda ce ta yi jinya.

Dokar mangwaro tana nan, ba wanda ya ce a cire. Maijidda ma har yau ta fi son ƙafarta, sai in tafiyar ta wata ce take hawa. Ranar da aka sallamo su ina cikin suya na ji mashin ya tsaya a bayana. Suwaiba ce a kai, rungume da jaririya, Maijidda a bayanta. Badaru ya kashe, ya sauka zai taimaka musu su sauko.

"Wa ya ce maka za mu sauka?" in ji Suwaiba. "Mai jego ce ni. Tura."

Ya dube ni, ya dubi sama, ya kama kan mashin ya fara turi, ɗinkin Maijidda na jan zare a bayan rigarsa, mata na fitowa daga rumfa da guɗa.