Ta Layin Maƙera

Hadari ya riske su a tsakiyar tafki, daidai saman tsohon garin da ruwa ya cinye tun kafin a haifi masuncin. Shi da mahaifiyarsa ne a kwalekwale, suna dawowa daga ta'aziyya. Iska ta shiga wujijjiga su, ga katangun dutse ɓoye a ƙarƙashinsu. Wani abu ya gurji ƙasan jirgin, ya ji ƙarar har cikin haƙoransa.

"Inna, hanya ta ɓace mini," ya ce.

Tsohuwar ta ƙura ido ga kan hasumiyar da ya leƙo saman ruwa. "Bar ta a damarka. Kan kasuwa muke. Karkata hagu, maza!"

Ya karkata, filafili na neman kuɓuce masa.

"Yanzu miƙe. Layin maƙera ke nan, yana da faɗi."

Ya miƙe, haƙora a cije, yana jiran katako ya tsage. Sai da gaban jirgin ya caki yashin gaɓa ta sauke numfashi.

"Mun bi ta kan ɗakin da aka haife ni," ta ce, "ko waiwaye ban samu yi ba."