Manaja Ba Zai Fita Ba

"Ajiye kwalin nan, Uwata," in ji Baba Kafinta. "Ko ki ajiye, ko ki haɗa da ni ki saka a ciki."

Ina tsakiyar haɗa wuyan riga na ji muryarsa, na leƙo da allura a bakina. Ɗakinsa da namu ƙofa da ƙofa suke a saman bene, igiyar shanya ɗaya muke amfani da ita. Yana tsaye a bakin ƙofa dafe da bango, ƙirjinsa na hawa da sauka. 'Yarsa, wadda yake kira Uwata, tana riƙe da kwalin da ta huhhuje da wuƙa. Wanda ake rigimar dominsa kuwa yana kan kujera yana lasar ƙafa, ko a jikinsa. Muzuru ne ja mai yagaggen kunne. Baba ya sa masa suna Manaja, wai don ba ya taɓa aikin komai sai kallon masu yi.

"Baba, cutar jini ce fa da shi," ta ce. "Kana kwana da shi ɗaki ɗaya, kana tari har kana faɗuwa. Me kake so in ce?"

"Likitana ya ce ƙurar katako ce ta cinye min huhu. Ni na shaƙi abata da kaina tun kafin a haife ki. Manaja bai taɓa riƙe zarto ba."

Ta juyo wurina idonta cike da ƙwalla. "Anti, don Allah ki sa baki. Na gyara masa ɗaki a gidana, kusa da asibiti. Mijina ya ce kyanwa mai ciwo ba za ta shiga inda yara suke ba. Shi kuma ya ce ba inda za shi sai da ita."

Ni dai ba na son kyanwa, kowa ya sani. Gashinta kan kayan mutane ya ishe ni dalili. Amma ƙarya ba za ta fito daga bakina ba, don ni na raka Baba wurin likitar dabbobi ranar da aka yi gwajin, saboda ba ya iya ɗaukar kwando ya sauka bene. Da kunnena na ji. Likitar ta ce ƙwayar cuta ce da ke karya garkuwar jikin kyanwa, tana kuma iya shanye mata jini. Ba ta kama mutum, ko jariri. Tsakanin kyanwoyi take yawo, ta yawu da cizo da cin abinci a kwano ɗaya. Maganin da zai raba Manaja da ita babu. Abin da ake yi shi ne a tsare shi a ɗaki, a ba shi dafaffen abinci, a riƙa duba dasashinsa, in ya yi fari ko ya ƙi ci a kawo shi a ranar. Ta ce wasu na yin shekaru a haka, wasu ba sa kaiwa. Ta kuma ce in ba za a iya wahalar ba, akwai allurar da za ta hutar da shi.

Baba ya dube ta ya ce, "'Yata, ni ma an ce nawa ba ya warkewa. Ni ma allurar za a yi min?"

Duk na faɗa wa Uwata wannan. Ta ce ta ji, amma zuciyarta ba ta yarda ba. Ta tafi da kwalinta tana share ido. Ban ga laifinta ba, tsoro ne yake cinta.

Washegari Baba ya fito da kayan aikinsa baranda. Mutumin da sai ya huta sau biyu kafin ya kai banɗaki, shi ne ya shimfiɗa katako ya kama yanka. Ya ja zarto kaɗan, ya zauna, ya yi tari, ya sake tashi. Ya ce keji zai yi na raga, wanda za a maƙala a taga ta waje, Manaja ya riƙa shan rana ba tare da ya haɗu da kyanwoyin mai shagon ƙasa ba. Na ce to, Allah ya ba da sa'a, na koma kan keken ɗinkina.

Da ya haɗa bango uku na fito shanya, na dubi kejin, na dubi tagarsa. Ni tela ce, idona ba ya ƙarya a kan awo. Abin ya fi tagarsa faɗi da kusan taƙi guda.

"Baba, ka yi kuskuren awo."

"Ban taɓa yi ba."

"Wannan ba zai zauna a tagarka ba."

"Wa ya ce miki tagata na auna?"

Sai a lokacin na tuna ranar da ya shigo ɗakinmu wai zai duba mana ƙyauren taga da ke ƙara, ya ciro tef daga aljihu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ajiye bokiti na ce, "Baba, ka girme ni, ka haife ni, amma wannan rainin hankali ne. Wa ka tambaya?"

"Da na tambaya me za ki ce?"

"A'a zan ce."

"Shi ya sa ban tambaya ba." Ya ɗauki sukudireba ya nuna min. "Kin ga ban sa ƙusa ko ɗaya ba. Duk sukuru ne. In kin ƙi, ki kwance ki yi itacen wuta da shi. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da na fita daga ɗakin nan mai gidan haya zai sa kwaɗo, a jefa Manaja titi. Ya mutu cikin kwata, kafin ya mutu kuma ya shafa wa na mai shago. Wannan ba zai faru ina numfashi ba."

Na shige ɗaki na bugo ƙofa. Maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tsoho ya yi min ɗinki ba tare da ya gwada ni ba. Na ce ya ci gaba da dariya, shi zai kwashe kashin.

Na yi fushi da Baba na kwana biyu, shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu. Kullum da hantsi sai ya ƙwala min kira, wai in zo in riƙe masa kan Manaja. In na zo sai ya ɗaga leɓen muzurun da babban yatsa ya ce, "Dubi nan. Ja-ja ne, ko? To lafiya. Ranar da kika ga ya koma kamar farin ƙyalle, kada ki jira la'asar." Ya nuna min yadda ake cire ƙaya daga dafaffen kifi, yadda ake ɗura ruwa da sirinji ta gefen baki ba ta gaba ba, da inda yake ajiye kwanon Manaja shi kaɗai. Ina cewa, "Ni fa ban ce na karɓa ba." Yana cewa, "Na sani. Riƙe kunnen da kyau."

Jikinsa ya ci gaba da zubewa. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Kwanciya ta gagare shi, sai a zaune yake barci. Wata safiya na same shi a ƙasa kusa da kejin, leɓensa ya yi baƙi. Na kira Uwata, ta zo da mota da mijinta.

Suka ɗaga shi za su sauka da shi, ya kama ƙarfen baranda ya riƙe. Ban san inda ya samo ƙarfin ba.

"Ba a ɗaura ba," ya ce.

"Baba, maganar ranka ake yi," in ji mijin.

"Nawa ne ai. A ɗaura tukuna."

Uwata ta durƙusa tana kuka tana ɓamɓare yatsunsa, ya ƙi saki. Ya dube ni. Bai roƙe ni ba, kallona kawai yake yi yana jan numfashi da ƙyar. Wallahi haushi ne ya fara kama ni kafin tausayi. Na fizgi sukudireba na ce wa mijin, "Malam, kama min can, tsayuwar me kake yi?"

Muka ciccibi kejin muka kai tagarmu. Ya zauna daram, ko tsinke ba zai shiga tsakani ba. Aka ajiye Baba a kujera a bakin ƙofarmu, yana ba da umarni da yatsa. "Na sama tukuna. Kada ki ɗaure shi duka, sai kin sa sauran. Ke, a hankali, za ki cinye kan sukurun." Gumi na shiga min ido. Da na gama ya ce a kawo Manaja. Na ɗauko shi da kaina, na tura shi ta taga. Ya shinshina ragar, ya zagaya, ya kwanta a inda rana ta fi.

"To," in ji Baba. "Uwata, mu je."

Bai dawo ba. A asibiti ya cika, da rana tsaka, Uwata na riƙe da hannunsa. Ta ce min har ƙarshe yana faɗa da ma'aikatan jinya a kan ƙafar gadon da ke girgiɗi. Na yi kuka sosai, fiye da yadda na zata. Allah ya jiƙan Baba.

Aka kwashe kayansa, mai gida ya sa kwaɗo kamar yadda ya faɗa. Daga ranar Manaja ya daina ci. Ya bar kejin ya koma bayan ƙofarmu, hancinsa a ƙasan ƙyaure, yana fuskantar ɗakin da aka rufe. Na ɗaga leɓensa, dasashin ya fara fari.

Mai shago ya hau bene ya same ni. "Tela, ki yi wa Allah ki fitar da abin nan. Ina da kyanwoyi uku a ƙasa."

"Naka ne ke yawo, nawa ba ya fita. In kana tsoro ka kai su a yi musu rigakafi, likitar ta ce akwai."

"Naki? Yaushe ya zama naki?"

"Tun da ka hawo ka tambaya."

Maigidana ya ce min da lallashi, "Ki bar shi mana. Ubangidansa yake son bi. Dabba ma ta san abin da take so."

Na ce, "Ba wanda za mu ƙara rasawa a benen nan yanzu. Ɗauko min kwando."

Likitar ta yi masa ƙarin ruwa, ta ba da maganin ciwon baki da ya fito masa, ta ce ba ta yi min alkawarin komai ba. In ya ci da kansa akwai sauran tafiya, in bai ci ba in dawo mu yi magana. Na san maganar da take nufi, na ce mata ba zan dawo don ita ba. Na riƙa naɗe shi a tsohon zane ina ɗura masa romon kifi da sirinji, yana yaƙushina ina zaginsa. "Ci, ɗan banza. Tsoho ya ƙarar da numfashinsa a kanka, ka ce ba za ka ci ba?" Rabi ya shiga, rabi ya zube a cinyata. Ɗinkin mutane ya taru, wata ta zo ta karɓe atamfarta ba a taɓa ba. Na ce ta gaida gida.

Ran nan da hantsi na ɗumama kifi na zuba a kwanonsa, na ajiye a gindin taga kamar kullum, ban ma sa rai ba. Na zauna na kama ɗinki. Ina cikin bin layin hannun riga sai na ji wata ƙara a bayana, ƙaramar ƙara, ta kwanon roba da ake turawa a kan siminti.

Ban juya ba. Na tsayar da keken, na bar allurar a cikin yadin, na ɗora hannuna a kan cinya. Kwanon ya ci gaba da matsawa kaɗan-kaɗan har ya daki bango.